Shekarar da Na Kira Sunan Ƙanina

Na san kun ji labarin abin da ya shiga tsakanina da Baffanku Mamman ta bakuna daban-daban. Wasu sun ce muku neman suna ne ya ɗebe ni, tsoho da furfurarsa ya ga waya ya ruɗe. Wasu sun ce tsohuwar gaba ce tun daga rabon gadon mahaifinmu. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Ni da Mamman ciki ɗaya muka fito, ɗaki ɗaya muka tashi, kuma har shekarar da zan ba ku labari ba mu taɓa kwana da fushin juna ba. Tunda yanzu gwiwa ta hana ni sauka bakin gulbi, ido kuwa bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, don kada bayan raina ku gaji faɗan da ba ku san tushensa ba.

Fito muka gada. Mahaifinmu yana haye da mutane a gulbin Rima tun kafin a gina madatsar Goronyo, mu ma muka tashi a kan haka. Da aka tare ruwan, gulbin ya sake hali. Da rani sai ya kwanta kamar ba shi ba, da damina kuwa in madatsa ta cika aka buɗe ƙofofi, sai ya haye fadama ya shanye gonaki, ya ɓoye kututturan itace a ƙarƙashinsa. Ni na tsaya kan ɗan kwale-kwalena na gora har kafaɗu suka gaza na ajiye sana'ar. Mamman, da yake ya fi ni ƙuruciya da zuciyar nema, ya sayi babban jirgin katako mai inji, ya shafe shi da shuɗin fenti, duk mashigin babu wanda bai san shi ba. Abu ɗaya ne ya rage da ake nemana dominsa: in ruwa ya ci mutum, ni Garba ake aika wa, saboda Allah ya ba ni dogon numfashi a nutso.

A daminar da abin ya faro ruwa ya yi yawa. Hanyar mota ta zagaye ta lalace, ga kuma tsoron abin da ke fitowa daga daji, sai mutanen ƙauyukan ƙetare suka koma bin gulbi kaf. Ranar kasuwa za ka ga mashigi ya cika tun sassafe: mata da ƙoren nono, buhunan albasa da wake, awaki, har babura ake ɗorawa a tsakiyar jirgi mutane su zauna a gefe. Wata ranar kasuwa da hantsi ina gyaran darni a gida sai na ji ihu daga bakin ruwa, irin ihun da na riga na sani. Jirgin wani ɗan fito ne ya kife a tsakiyar gulbi. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ma a ciki ya tafi, Allah ya jiƙansa.

Na yi nutso a rayuwata ba adadi, amma abin da na gani ranar bai bar ni ba har yau. Jirgin bai fashe ba. Yana nan a kife yana yawo a kan ruwa, lafiyarsa lau, da a ce mutane sun riƙe shi da da yawansu suna raye. Waɗanda suka tsira sun ce ruwa kaɗan ne ya fara shigowa ta baki ɗaya, sai kowa ya miƙe tsaye ya ruga ɗaya gefen, nan take jirgin ya juye. A ƙasa na same su a rungume da juna, wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba, sun ja juna sun tafi tare. Ta ƙarshe da na fiddo wata Bafulatana ce mai tallar nono, da goyo a bayanta. Hannayenta duka biyu suna kan ƙullin majanyi a ƙirjinta. Tana ƙoƙarin kwance ɗan ne ruwa ya fi ƙarfinta, ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa.

Mijinta, wani makiyayi mai suna Buba, yana zaune a bakin gaɓa da sandarsa a kan gwiwa. Bai yi kuka ba. Da aka shimfiɗe su a gabansa aka rufa musu zane, ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya juyo gare ni.

"Baba, ta san daji," ya ce. "Ko da duhu ta san inda za ta sa ƙahwa. Ruwa na ba ta sani ba. Ba wanda yat taɓa hwaɗa muna komi."

A wurin zaman makoki kowa ya zo sai ya ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Ni ma na faɗa, kuma na yi imani da hakan har yanzu. Amma maganar Buba ta tsaya mini a rai. Na yi kwanaki tuwo ba ya wuce mini. Mahaifiyarku Hajo ta lura, sai wata la'asar ta tara matan unguwa a tsakar gidanmu, waɗanda ba su da yadda za su yi sai sun haye gulbi, ta leƙo zaure ta kira ni.

"Malam, matan ga tsoro ya hana su barci, kuma kasuwa ba ta barin su. Taho ka hwaɗa musu mi za su yi."

Na sa aka kawo babban baho da ruwa, na ɗora ƙwarya a kai, na riƙa jefa tsakuwa a ciki suna kallo har bakin ƙwaryar ya kusa shafar ruwa. Na ce musu kafin ku zauna a jirgi, ku sa hannu daga bakinsa zuwa ruwa, in bai kai taƙi guda ba lodi ya yi yawa, ku sauka ku jira wani sawun. Na tura tsakuwar gefe ɗaya, ƙwarya ta kife, na ce kun ga abin da miƙewa tsaye ke yi. Na ce mai goyo ta kwance ɗanta ta riƙe shi a gaba tun kafin ta shiga. Wadda ke da jarka ta tafi da ita ba komai a ciki, murfi a ɗaure, don jarkar da ba ta da ruwa tana iya riƙe babban mutum. In jirgi ya kife kada a kama mutum, a kama jirgin, katako ba ya nutsewa da wuri. 'Yar'uwarku Saratu, wadda a lokacin take koyarwa a Wurno, ta zo gida ta'aziyya. Tana tsaye bakin ɗaki da wayarta a ɗage, ni na ɗauka hoto take ɗauka. Da matan suka watse ta zo ta durƙusa ta nuna mini kaina ina magana a cikin wayar.

"Baba, ka yarda in tura ma matan makarantarmu? Da yawa ƙetare iyayensu suke."

Na ce ta tura. Ban ɗauki abin da wani nauyi ba.

Kafin mako ya zagayo ta dawo da wayar cike da saƙonnin murya. Wani daga Rabah yana godiya. Wata daga wajen Yawuri tana kuka, ta ce da ta ji wannan bara da ƙanwarta na nan. Wani ma daga ƙetaren iyaka yake tambaya, in hadari ya taso ana tsakiyar ruwa, gaba za a yi ko baya? Na zauna a zaure ina saurare har magariba. Mutanen da ban taɓa gani ba suna kirana Baba, suna tambayata abin da na ɗauka kowa ya sani, don ni a cikinsa aka haife ni. Saratu ta ce a buɗe mini shafi na kaina a dandalin sada zumunta, in riƙa magana kowane mako, ita za ta riƙa ɗauka tana ɗorawa. Mahaifiyarku ce ta fara ƙi.

"Malam, da girmanka? Wurin da yara ka rawa suna zagin juna, can za a kai huskarka? Hwaɗa ma matan unguwa daban, tallar kai ga duniya daban."

"Hajo," na ce, "matan unguwa kaɗai ka shiga jirgi?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce in dai zan yi, to in riƙa sa babbar riga da hula, kada in fito wa duniya da rigar gona.

Haka muka fara. Kowace Asabar Saratu ta taho daga Wurno, mu sauka bakin ruwa. Da farko nakan buɗe da doguwar gaisuwa, in gai da sarakuna da malamai da masu sana'a, sai ta nuna mini cewa mutane na wucewa tun ban kai ga magana ba. Na ji zafin abin, amma na koyi yin sallama in shiga zance kai tsaye, abu ɗaya a kowane bidiyo. Ranar da na shiga ruwa da kaina na rungumi jarka na kwanta a kanta, da furfurata da komai, wannan ya yi yawo fiye da duk na baya. Na yi magana kan ɗora babur tare da mutane, da tuƙi bayan rana ta faɗi, da inda kututture ke ɓuya in an saki ruwan madatsa, da rigar ceto ga wanda Allah ya hore wa. Tambayoyin mutane su ke ba ni abin faɗa na gaba. Akwai masu cewa in ɗora hotunan gawarwakin ranar nan, wai mutane sun fi tsayawa kallon irin wannan. Na ce a'a. Waɗannan mutane da hannuna na rufa musu zane, ba zan yaye shi don a kalle ni ba.

Bayan an yi girbin gero sai ga Buba a ƙofar gidana. Ya rame. Ya ce ya ji muryata a wayar wani a mashayar shanu, amma matan rugarsu da yawa Hausarsu ba ta kai su gane duka ba.

"In ka yarda, Baba, kai ka hwaɗi, ni in maida da Hillanci."

Daga ranar muka riƙa zama tare a kan tabarma ɗaya, in faɗa ya juya. Ranar da muka kai kan maganar kwance goyo, ya fara juyawa sai murya ta ƙi fita. Saratu ta sauke wayar. Ya ɗaga mata hannu ya ce ta ci gaba, ya share fuska da gefen rawaninsa, ya faɗe ta har ƙarshe. Wannan bidiyon ya shiga rugage har inda ban san sunansu ba.

Mabiya suna ƙaruwa, ni kuwa a bakin mashigi gaisuwa tana raguwa. 'Yan fito, waɗanda da yawansu a gabana aka haife su, suka fara amsa sallamata a taƙaice, don yanzu fasinja kan sa hannu ya auna ruwa ya ce shi ba zai shiga ba. Mamman bai ce mini komai ba. Yana zuwa gaishe ni kowace Juma'a kamar kullum, mu yi zancen gona da na yara, ba ya tayar da maganar waya, ni ma ba na tayarwa.

Damina ta sake zagayowa. Wata Asabar Saratu ta shigo ba walwala, ta zauna nesa da ni, ta daɗe kafin ta miƙo wayar. Wani ne ya ɗauki bidiyon jirgi yana barin mashigin ƙetare ranar kasuwa, ya ɗora a ƙarƙashin maganata. Mutane a cike har kan baki, babura a tsakiya, buhuna a kan babura, ruwa yana lasar bakin katako. Shuɗin jirgi ne. Mamman ne a baya riƙe da inji. A ƙasa an rubuta: Baba Garba, wannan fa? Wani kuma ya amsa masa cewa ai ba zai tanka ba, na ƙaninsa ne, wa'azin na 'ya'yan wasu ne.

"Baba, ana iya share shi," in ji Saratu a hankali. "Ko ka yi kamar ba ka gani ba."

Na jefa wayar a aljihu. Na sa takalmi na tafi gidan Mamman. Na same shi a ƙofar gida yana wanke wani ƙarfen inji a cikin tasa. Ya ba ni tabarma, muka gaisa, na nuna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe bai ɗago ba.

"Yaya, kai ka aje gora, ni ban aje ba," ya ce. "Ka san yadda mai yat tashi. Wannan ma bar shi. Sawun ga na ƙarshe na, rana ta kusa hwaɗuwa. In nib bar su ƙetare, wa ka kwana da su? Ka san abin da ka hitowa daji in duhu ya yi. Suna riƙe da rigata suna roƙona don Allah. Wa za ni ce ma sauka? Tsohuwa, ko mai ciki?"

Ku sani, 'ya'yana, maganarsa gaskiya ce. Ba mugunta ta sa shi yin lodin nan ba, kuma ba kwaɗayi kaɗai ba. Na ce masa ya fara kwaso su tun la'asar ya yi sawu biyu. Na ce zan fiddo tsohon kwale-kwalena in sa a riƙa bin sa da kaya, mutane su tafi su kaɗai. Ya ce mutane ba sa barin kasuwa sai ta watse, kuma ba mai yarda ya rabu da buhunsa. Ya ce shekara nawa yana wannan lodi Allah na tsarewa.

"Mai jirgin bara ma haka yac ce, Mamman. Ni nih hiddo shi."

Ya ajiye ƙarfen. "To mi kaka so?"

"An tambaye ni gaban mutane. In na yi shiru, duk abin da nih hwaɗi shekara guda ya zama banza. Gobe mace za ta auna ruwa, a ce mata ko mai wa'azin ya ƙyale na gidansu."

"Hwaɗi maganarka, ban hana ka ba. Amma kak ka kira sunana. Ina da ɗiya, Yaya. Ina da surukai."

Na ce masa ya yi mini alkawari zai rage lodi, ni kuma in fito in ce na yi magana da mai jirgin ya gyara, shi ke nan. Mamman bai iya ƙarya ba tun yana yaro. Ya ce ba zai ɗauki alkawarin da ya san ranar kasuwa zai karya ba.

Na koma gida na kwana biyu ina juya abin. Mahaifiyarku ta ce in bari, zumunci ba abin wasa ba ne, duniyar waya kuwa gobe ta manta da ni. Na ce mata na sani. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga jirgin nan da ruwa a bakinsa, in ƙirga fuskokin da na sani a ciki, in ga kaina ina nutso ina lalubo su, wataƙila har da shi. Na gwammace ya yi fushi da ni yana raye. Ranar da Saratu ta dawo na sa babbar rigata na zauna, na ce ta ɗauka. Ban yi doguwar magana ba. Na ce jirgin da kuka gani na ƙanina ne Mamman, uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin kirki ne, tausayin mutane ne ke sa shi kwasar su. Amma lodin nan ya wuce ƙa'ida, kuma ruwa bai san ƙanin kowa ba. Ko ni ne a kan inji, in kun auna bai kai ba, ku sauka.

Na ɗauka mutane za su ji duka maganar. Rabinta suka ɗauka. Bidiyon ya yi yawon da babu wani nawa da ya taɓa yi, aka yanke inda na ce mutumin kirki ne, aka bar sunansa da shuɗin jirginsa. Mutanen da ba su taɓa ganin Rima ba, ba su san abin da ke ƙetare in dare ya yi ba, suka riƙa kiransa makashi, suna tsine masa da iyayensa, iyayen da nawa ne. Ni kuma ana ta yabona, wai ga dattijon da bai bar ɗan'uwansa ba. Wallahi kowane yabo kamar ana zuba mini garwashi ne. Na sake yin wani bidiyo na roƙi a daina zagi, na bayyana halin da 'yan fito ke ciki da tsadar mai da tsoron hanya. Kaɗan ne suka kalla. A nan na gane cewa taron da ke cikin waya ba irin na tsakar gida ba ne, kana iya tara shi, amma ba ka iya sallamarsa.

Hukuma ta zo mashigi ta tsare injin Mamman na wani lokaci. Da aka sake masa, fasinja sun riga sun gudu, har waɗanda da suke riƙe rigarsa suna roƙo. 'Ya'yansa suka daina zuwa bakin ruwa saboda gori. Juma'a ta zo bai zo gaisuwa ba, ta gaba ma haka. Na je gidansa aka ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin zaure. Kafin rani ya sayar da jirgin, ya kwashe iyalinsa ya koma Sisawa wurin dangin matarsa yana noma. Da aka yi masa jika ban ji ba sai a bakin mutane, ba a aiko mini da goron suna ba. Dattawan mashigi, waɗanda da ba a yanke magana sai an jira ni, suka daina aiko mini. Wanda ya sayi jirgin kuwa ya kai shi wani gulbin, na ji an ce lodin da yake yi masa ya fi na Mamman.

Kada ku ɗauka ba a samu komai ba. Yau in kun je mashigi za ku ga mata na kwance goyo kafin su shiga, ba tare da kowa ya ce musu ba, za ku ga jarkoki a ɗaure a gefen jirage. Ranar kasuwa 'yan fito da kansu suka tsara fara kwaso mutane da wuri. Wata damina wani ƙaramin jirgi ya kife a wajen Rabah, wani daga cikin fasinjojin ya aiko mini da saƙon murya yana haki, ya ce kowa ya riƙe katako har aka zo aka ɗebe su, ba a rasa rai ba. Na yi sujada ranar. Amma ba zan ce muku wannan ya biya wancan ba. Abubuwa biyu ne daban, kowanne da nauyinsa, kuma ni ke ɗauke da su duka. In da za a mayar da ni ranar, ina jin zan sake faɗa, ko da yake zan daɗe ina neman wata hanyar kafin in kai ga sunansa.

Bara da kaka na ji ƙafa ta dame shi, na sa aka kai ni Sisawa a kan babur. Ban aika ba, don kada a ce ba ya nan. Na same shi a gindin wata bishiyar bedi a bakin gona, ana ɗaure dammunan gero yana kallo. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Da ya gan ni ya yi kamar zai miƙe, na ce ya zauna. Muka gaisa gaisuwar baƙi, lafiya lau, ya gida, ya aiki. Ya aika aka kawo fura, ya dama da kansa, ya miƙo mini ludayi.

"Mamman," na ce, "na zo in ga ƙahwarka, kuma in ji ko akwai abin da kaka son hwaɗa min."

Ya gyara zama.

"Gaskiya kah hwaɗi, Yaya. Ban taɓa cewa ƙarya ta ba. Da jirgin ga ya kihe da mutane hannuna, ban san inda za ni sa kaina ba. Wannan na sani." Ya kalli gonar. "Amma kai kag goya ni. Da duniya ta taso min, bayanka ya kamata in ɓoye. Sai ga shi kai kan nuna musu ni."

Ban kare kaina ba. Na ce na ji.

"Ina son in ce maka ya wuce," ya ce. "Na gwada, bai wuce ba tukuna. Ba ni yi maka ƙarya. Sha hurarka."

Na sha. Muka yi sallar la'asar tare a bakin gonar, ya ce ni zan ja, don ni ne babba. Da na tashi tafiya ya sa aka ɗaura mini damin gero a bayan babur, ya ce a kai wa Hajo. Sannan ya ɗauki sandarsa ya ce zai taka mini. Na ce ƙafarsa, ya ce ba komai. Mai babur yana tura abin hawansa a gaba, mu biyu muna biye a hankali, tsofaffi biyu masu ɗingishi. Ya wuce bakin gona inda ake tsayawa da baƙo, ya wuce rijiyar gari, bai tsaya ba sai da muka kai babbar hanya. A nan ya ba ni hannu.

"A gai da yara," ya ce. "Ka ce musu gidan Baffansu ba a ruhe yake ba."

To, na faɗa muku. Ku je ku gaishe shi tun yana raye, ku durƙusa masa kamar yadda kuke durƙusa mini, ku ci abin da aka ba ku. Kada wanda ya je ya ce zai ba shi haƙuri a madadina, ko ya nuna masa ni ke da gaskiya. Wannan tsakanina da shi ne, kuma muna nan muna lallaɓa shi, daidai gwargwadon kwanan da Allah ya bar mana.